Ɗakin Gabas

Tun ranar da labari ya zo daga Kano cewa cikin Surayya ya tsufa, Ruƙayyatu ta sa ɗakin gabas a gaba. Surayya ita ce 'yarta ta fari, haihuwar fari kuwa gida ake zuwa wankan jego. To, ɗakin nan tun da aka gina shi mutum bai taɓa kwana a ciki ba. Injin ban-ruwa ne a ciki, da buhunan taki, da matattun kwandunan tumatir da aka ƙi zubarwa.

Duk ta fitar da su. Ta toshe ramukan ɓera da siminti da hannunta. Turara shinkafa take yi kamar yawancin matan Kura, da gumin wannan wahalar ta sa aka shafa fenti shuɗi, ta shimfiɗa leda sabuwa fil, ta rataya labule mai furanni. Ta sa aka ɗaura gadon ƙarfe. A kan ɗan teburi ta jera kwalaben turaren wuta da fulas da kwandon kayan jariri. Kwandon nan kuwa ya sha yawo, yau yana kusa da taga, gobe ta ce sanyi zai taɓa kayan.

Mutum sai ya ce rawar kan ta yi yawa. Amma Ruƙayyatu ba ta taɓa kiran sunan Surayya ba, kunyar 'yar fari ta hana. "Yarinyar nan" take cewa. Ba ta yi mata wasa a gaban mutane ba, ranar da aka kai ta gidan miji ma a madafa ta ɓuya ta yi kukanta. Tana son yarinyar kamar ranta, baki ne ba ya iya faɗa. Shi ya sa take so Surayya ta ɗaga labulen nan ta gani da idonta.

Aka haihu lafiya, namiji, aka yi suna, aka sa ranar kawo mai jego. Ana cikin haka aka yi wa Ruƙayyatu rasuwa a Bunkure, ta tafi zaman makoki.

Mijinta Malam Sunusi kuwa irin mutanen nan ne da in suka ga wuri babu kaya sai ya tsone musu ido. Ana gobe baƙi za su zo ta dawo, ta tarar da ɗakin a garƙame, an toshe taga da tsumma. Tana buɗewa wani wari ya buge ta kamar ruɓaɓɓiyar tafarnuwa. Buhunan wake ne jibge a kan ledarta, an cusa musu ƙwayar maganin ƙwari.

"Innalillahi! Malam, mene ne wannan?"

"Wake ne mana. Ɗakin ya fi ko'ina rufuwa, ba inda iska za ta shiga. Kwana biyu ne kawai."

"Jariri fa za a kwantar a nan!"

"Ke dai kin cika tada hankali. A buɗe taga, shi ke nan."

Ta sa aka janye buhunan zuwa zaure, ta wanke leda da omo, ta shanya katifa, ta banka turare har idonta ya yi ja.

Washegari da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gida. Gwaggo Sa'adiya, ƙanwar mahaifin mijin Surayya, ita ta rako su. Ta ce mai jego ta ɗan dakata a mota, ita za ta fara ganin masauki. Ta shiga tana "Ma sha Allah, kai, an yi ƙoƙari," sai ta yi turus. Ta sunkuya ta shinshina katifa.

"Baiwar Allah, maganin wake aka sa a nan?"

Ruƙayyatu ta sunkuyar da kai.

"Wallahi ba raini ba ne," in ji Gwaggo. "Amma abin nan babba ma yana kayarwa, balle ɗan kwana goma. Ba zan bar shi ba. Ta yi wankanta a wurinmu."

Abin da ya fi ƙona ran Ruƙayyatu shi ne matar gaskiya ta faɗa.

Ta bi ta har bakin mota. Surayya na zaune a baya da jariri a cinya, Gwaggo ta faɗa mata abin da ta tarar, ta zuba wa uwarta ido tana jira. Kalma ɗaya take nema, ko a ce mata sauko ki sha ruwa. Ga surukai, ga maƙwabta sun firfito. Maganar ta zo wa Ruƙayyatu har maƙogwaro, kunya ta danne ta.

"Allah ya raya," ta ce, idonta a ƙasa. "Allah ya kiyaye hanya."

Surayya ta kau da kai, ta ja gilashi. Ko zauren ba ta taka ba.

Bayan la'asar Malam Sunusi ya leƙo ɗakin, ya tarar da ita zaune a bakin gado. Ya yi gyaran murya.

"To, tunda dai babu mai shiga, ko a dawo da waken? Ɓeraye sun fara taɓa shi a zaure."

Ta tashi ta taka gado, ta fara zare labulen.

"Bari in cire wannan tukuna," ta ce. "Ba ta gan shi ba."