Mai Yi wa Tsuntsaye Karatu

Shinkafar Safiyanu ta fara cika ido ke nan jan-baki ya sauka. Duk wanda ya san fadamar Kirikasamma ya san tsuntsun nan: daga cikin ciyawar kacala yake tasowa baƙi ƙirin kamar hadari, in ya zauna wa gona da hantsi, kafin azahar sai ƙaiƙayi. Masu hali 'yan ƙwadago suke ɗauka su tsare musu. Safiyanu kuwa ɗansa Nu'uman ne kaɗai abin da yake da shi.

Yaron ɗan aji shida ne, kuma yana da wata ɗabi'a mai ban dariya. Sauran yara "haa! haa!" suke yi suna jan igiyar gwangwanaye, shi kuwa karatunsa yake zazzaga wa tsuntsaye da ƙarfi: jihohi da manyan biranensu, sassan jikin ɗan'adam, har da lissafi. Maƙwabta suka riƙa tsokanar Safiyanu, wai jan-bakin gonarsa ya kusa zama malami. Yakan yi murmushi kawai, amma abin yana yi masa daɗi ƙwarai.

Ranar Asabar aka sa jarrabawar shiga sakandaren kwana a Haɗeja. Ƙanen Safiyanu ya yi alkawarin zai tsare gefen gonar da yaron yake tsarewa, sai zazzaɓi ya kwantar da shi. Da safe motar Alhaji Bala mai injin casa ta tsaya a bakin gona, ɗansa Abdulmannan, ɗan ajinsu Nu'uman, ya leƙo ta taga.

"Nu'uman, taho mu tafi, akwai wuri!"

Yaro ya dubi ubansa. Safiyanu ya dubi sama. Tsuntsaye sun riga sun taso, mutum ɗaya kuma ba ya tsare gefe biyu, ga abincin gidan na shekara a tsaye a gonar.

"Baba..."

"Kama igiyar can," in ji Safiyanu. Bai ji zafi a ransa ba, bai ji komai ba. Mota ta ɗan jira, ta wuce.

Shinkafa dai ta tsira. Kullum yaro yakan riga ubansa isa gona, ba gardama, ba ɓata rai. Rannan Safiyanu ya saki tasa igiyar, ya kasa kunne ko zai ji jihohi da biranensu. Gwangwanaye suna ta ƙara.

"Haa!" in ji Nu'uman. "Haa!"