Haske a Ƙarƙashin Takalmin Yaya

Tun da Yaya Dogo ya faɗo daga saman benen da yake yi wa fenti ƙafafunsa suka daina jin maganarsa, kuma an rasa mai ƙarfin halin faɗa wa Mama. Tana can garin da ta koma bayan rasuwar Baba, tana fama da ciwon zuciya, likita ya ce ko faɗuwar kwano kada a bari ya firgita ta. Kullum ta kira waya sai a ce aiki ne ya riƙe shi.

"Aiki, aiki," in ji ta wata safiya. "To ke Auta, ɗauko min shi a hoto. Ba na waya ba, waya maƙaryaciya ce. Da kyamarar ubanku nake so, daga kai har ƙafa, yadda ya saba yi."

Auta ce ta gaji shagon hoton Baba, har da tsohuwar kyamararsa ta katako, mai wuya kamar zugazugi da baƙin ƙyallen da ake lulluɓa. Baba bai taɓa ɗaukar mutum daga sama ba, bai kuma taɓa yanke wa kowa ƙafa a hoto ba. Ƙasa yake sauke kyamarar, sai ɗan dako ya fito kamar shi ya mallaki kasuwar. Wannan dabarar Auta ta riƙe, tana ganin ita za ta mayar wa Mama da Dogonta.

Ita da matar Yaya suka tsaga farin labulen bangon shagon, suka zura faffaɗar ɗamara ta cikin rigarsa, ta zagaye ƙirjinsa, suka ɗaure ta a wata ƙugiyar ƙarfe da ke bayan labulen. Telan da ke maƙwabtaka da su ne ya taya matar Yaya cicciɓo shi daga keken guragu.

"A hankali mana, ba buhun siminti ba ne," in ji Yaya.

"Ai buhun siminti ya fi ka daɗin ɗauka," in ji matarsa, "shi ba ya surutu."

Ya yi dariya, dariyar ta katse a tsakiya. Zufa ta karyo masa. Matar ta durƙusa ta sa masa takalmin da ya saya kafin faɗuwar, ta goge shi da bakin zaninta, ta daɗe tana gogewa ba ta ɗago ba.

Auta ta cire kyamarar daga kan ƙafafun da ake kafa ta a kai, don ba sa sauka yadda take so. Ta ɗora ta a kan wani guntun katako, ta kwanta rub da ciki a kan simintin mai sanyi, ta ja ƙyallen ta rufe kanta.

A gilashin bayan irin wannan kyamara komai a kife yake fitowa. Tun tana yarinya ta san haka, bai taɓa damunta ba. Amma yau da ta murɗa har hoton ya washe, sai ta ga yayanta kai a ƙasa, hannuwa a sake, kamar har yanzu faɗowar yake yi bai iso ba. Wannan mutumin ne yake ɗora ta a wuya ta taɓa rufin ɗaki tana ihu! Hawaye ya cika mata ido, numfashinta ya dusashe gilashin.

Baba yakan ce ta duba kusurwoyi huɗu na gilashin kafin ta rufe. Ita fuska kawai ta duba.

"Auta, yi sauri," in ji Yaya. "Abin nan yana cin haƙarƙarina."

Ta rufe idon kyamarar, ta zura fim, ta zare marfinsa.

"Yaya, ɗaga haɓa. Kada ka numfasa."

Ya ɗaga, har da murmushi. Ta danna.

Da suka sauke shi ba ya ko iya magana. Gyambon da zaman keke ya yi masa a baya ya buɗe, zazzaɓi ya kwantar da shi, matarsa ta rantse ba mai sake rataye mata miji, ko wa zai yi fushi.

A ɗakin wanke hoto, ƙarƙashin jar fitila, Auta ta tsaya tana kallon takardar a cikin ruwan magani. Kafaɗu suka fara fitowa, sai fuska. Wayyo, Dogo sak, yana neman fasa rufi! Sai idonta ya gangara. Takalman ne suka fi komai kusa da kyamarar, don haka suka fito manya, fes. Tsininsu ya sunkuya, kuma tsakaninsu da ƙasa akwai wani siririn haske, farin labule yana leƙowa. Da a tsaye ta ɗauka, da babu mai ganinsa.

Ta ɗauko almakashi, ta ajiye. Hoton da babu ƙafa Mama za ta gane shi tun daga bakin ƙofa.

Yaya ya karɓa yana kwance, ya daɗe yana kallo.

"Lallai kin iya, har tashi sama kin sa na yi," ya ce. Sai ya juya fuskarsa bango. "Kai mata haka. Na gaji da tsayuwa a waya."

Auta ta je da kanta, da maganin Mama a tafin hannu. Mama ta sa tabarau, ta matsa jikin taga. Ta shafa fuskar, ta shafa kafaɗun, yatsanta ya yi ta gangarowa har ya tsaya a kan hasken nan, ya rufe shi.

"Ya yi kyau," ta ce. "Kamar ubanku ne ya ɗauka."

Ba ta ɗage yatsan ba. Auta tana jin yadda numfashinta ke fita guntu-guntu.

"Mama, ga maganinki."

"Ajiye. Sauko min da jakata daga kan kabad." Ta ɗago ta dubi Auta. "Matar nan tasa ba za ta iya ɗaga shi ita kaɗai ba."