Tayoyin da Suka Tsufa a Leda

Baba Tanadi ya fito da tayoyin daga ɗakin ajiya ɗaya bayan ɗaya, yana gangaro su tsakar gida yana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, shi da ko 'ya'yansa ba su san yana da muryar waƙa ba. Guda huɗu ne, fil a leda, kowace an naɗe ta da tsohon bargo an ɗaure da igiya. Ya jingina su da bango, ya ja da baya ya riƙe ƙugu yana kallonsu, baki ya ƙi rufuwa.

"Tsohuwa! Fito ki ga abin arziki," ya ƙwala wa matarsa kira.

Inna ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Malam, tayoyin nan da na gaji da kakkaɓe wa ƙura su ne abin arzikin?"

"Yau za su taka ƙasa. Jibi war haka muna bakin madatsa, ni da ke!"

Tanadi ba sunansa na gaskiya ba ne, 'ya'yansa ne suka laƙaba masa, kuma ba su zalunce shi ba. Mutum ne da in ya sayi sabon abu, to abin ya shiga kurkuku ke nan. Sabon takalmi yana kwali a saman sif, shi kuma yana yawo da wanda ya wage baki. Agogon da aka ba shi ranar da ya ajiye aiki a hukumar ruwa, ko batir bai yarda an sa masa ba. In ka tambaye shi yaushe za a mori abin, sai ya ce, "Ranarsa tana zuwa." Haka ya yi wa tayoyin nan. Ya saye su tun Auta, ƙaramar 'yarsu, tana sakandare, ya ce na tafiyar madatsa ne, ba na zirga-zirgar kasuwa ba. Yanzu Auta ma'aikaciyar jinya ce, har da 'ya'yanta biyu.

Madatsar kuwa wani makeken ruwa ne a tsakanin duwatsu, tafiyar yini guda, inda ya yi aiki a farkon aurensu. Inna ta sha labarinta har ta haddace: yadda hanya take nannaɗe dutse, yadda hazo yake kwanciya a kan ruwa da safe, da wani kifi da kullum in an ba da labarin sai ya ƙara tsawo. Ya yi mata alkawari zai kai ta da kansa, shi ke riƙe da sitiyari, a cikin Dorina. Dorina ita ce tsohuwar jif ɗinsa, ƙatuwa, mai nauyin tashi, wadda in ta ga ruwa ko laka sai ta faɗa ba ta neman shawara.

Da ba don likitan ido ba, da har yanzu ranar tana zuwa. Likitan bai yi masa kwana-kwana ba, ya ce ganinsa yana raguwa, tuƙin rana kaɗai ya yarje masa, shi ma kafin shekara ta fita sai ya ajiye makulli. Baba ya dawo gida ya kwana da maganar. Washegari ya tashi ya ce a haɗa kaya. Auta ta tayar da ƙayar baya a waya, daga bisani ta sassauta da sharaɗi guda: tayoyin da ke jikin Dorina sun suɗe kamar tafin hannu, sai an canza su, kuma mai taya ya ce lafiya lau. In ba haka ba, ta rantse da kanta za ta zo ta ɗauke makullin.

Shi ya sa Baba yake ta rawar jiki yau. Ya loda tayoyin a bayan mota, Inna ta yafa mayafi ta shiga gaba, suka nufi shagon taya.

Shagon dogo ne, tayoyi jere a kanta tun daga ƙasa har rufi, ga warin sabuwar roba, ga injin kwance noti yana ta ƙara. Mai taya wani ƙato ne mai fara'a, hannuwansa baƙi ƙirin har gwiwar hannu. Ya tare su yana goge hannu da tsumma.

"Sannu da zuwa, Baba. Sannu, Inna. Kai, wannan tsohuwar motar ai ba a yin irinta yanzu! Taya za a saya mata?"

"Saya?" Baba ya yi dariya ya buɗe bayan mota. "Ɗana, ni ba na zuwa wuri hannu rabbana. Ɗaurawa kawai za ka yi. Duba nan, ko ƙasa ba su taɓa taɓawa ba."

Mai taya ya sauko da ɗaya, ya kwance bargon, ya yage ledar. "Tabɗi! Wannan samfurin ai an daɗe da daina yinsa."

"Ka ji ko, Tsohuwa? Ba a ma samunsu!" Baba ya zunguri Inna, shi a ganinsa yabo ne.

Amma mai taya ya durƙusa yana juya tayar a hankali, yana bin gefenta da yatsa, har ya tsaya a wani wuri. Fara'arsa ta ragu. "Baba, zo ka ga lambar nan. Ita ke faɗin mako da shekarar da aka yi tayar."

Baba ya sunkuya, ya gyara tabarau, ya kanne ido. Baƙi ne a kan baƙi, ba abin da ya gani. Inna ce ta leƙo ta kafaɗarsa ta karanto lambar tsaf, ita da har yau take zura zare a allura ba tabarau.

Mai taya ya mirgino wata daga kanta ya ajiye kusa da ta Baba. "Danna wannan da farce." Baba ya danna, robar ta ɗan lotsa ta dawo. "To danna taka." Ya danna, ya ji kamar ya danna katako. Mai taya ya hau gefen tayar da gwiwa ya matse ta, sai ga ƙananan tsage-tsage sun buɗe birjik a tsakanin zanen. Waɗannan kam ko Baba ya ji su da yatsa.

"Roba tana tsufa ko an taka ta ko ba a taka ba," in ji mai taya. "Ta bushe, Baba. In kwalta ta yi zafi ga mota da nauyi, tana iya fashewa. In an yi ruwa kuma, ba za ta kama hanya ba, za ka taka birki mota ta ci gaba da tafiya. Wallahi ba zan ɗaura maka su ba."

"Sababbi ne fa! Ko rana ban bari ta gan su ba!"

"Na yarda, Baba. Sababbi ne, amma sun mutu."

Inna ta fara ƙyalƙyala dariya, don abin ya kai a yi dariya: shekara da shekaru tana tsallake su in za ta ɗauko tsintsiya, ashe gawa take tsallakewa. Sai ta ga fuskar mijinta, ta haɗiye sauran. Baba ya zauna a kan tarin tayoyi. Ba tayoyin ba ne suka dame shi, tafiyar ce ya ga tana suɓuce masa, kuma ya san ba shi da wata shekarar da zai ɗaga ta.

Inna ba ta iya zaman jimami ba. Ta tafa hannu. "To, ɗana, shagon nan cike yake da taya ko da ado? Nuna mana masu rai."

Mai taya ya buɗe ƙofar direba, ya karanta 'yar takardar da ke manne a jikin ƙarfen, mai faɗin girman tayar da ta dace da motar da nauyin da za ta ɗauka. Sai ya shiga ciki ya fara gangaro su. Kafin ka ce me, Baba ya miƙe. Ai mai son mota ko zazzaɓi yake yi, in ya ji warin sabuwar taya sai ya warke.

Ta farko mai manyan haƙora ce, kamar ta motar soja. Baba ya rungume ta. "Wannan! Wannan ita ce ta Dorina! Da irinta na hau dutsen nan ana ruwa kamar da bakin ƙwarya."

"Ta laka da daji ce, Baba. A kan kwalta mai take sha, ga gurnani. Duk tsawon hanya Inna ba za ta ji labarin da kake ba ta ba."

"Ɗaura mana ita maza!" in ji Inna.

Shagon ya kaure da dariya, har Baba sai da ya dara. Ta biyu mai laushi ce, shiru kamar kana tafiya a kan katifa, amma ta cikin gari ce, tsakuwar ƙarshen hanyar madatsa za ta yayyaga ta. Sai mai taya ya kawo ta uku, ya sa yatsan Baba a cikin zanenta.

"Ga taku. Ta kowane yanayi ce, rani da damina. Ka ji manyan kwararon nan? Su ke fitar da ruwa daga ƙarƙashinta. Ƙananan yankan nan kuma su ke kama hanya in ta yi santsi ko sanyin kan dutse ya sauka. Gefenta da kauri, za ta ɗauki nauyin tsohuwar motar nan da kayanku."

Baba ya shiga jero tambayoyi ba ƙaƙƙautawa. Gargada fa? Kwana mai kaifi fa? Gangara fa in an cika mota? Duk amsar da aka ba shi sai ya waiwayo ya maimaita wa Inna, kamar ba a gabanta aka faɗa ba. Har ya fara lissafa mata inda za su tsaya su sha iska, da gefen da za ta riƙa kallo in sun fara hawa.

"Irin wannan kashi biyu gare ni," in ji mai taya. "Duk za su kai ku su dawo da ku lafiya. Wannan mai sauƙin kuɗi ce, amma tana saurin suɗewa. Waccan kuwa za ku yi shekaru kuna takawa."

Baba ya buɗe baki zai ce waccan, sai ya fasa. Ya ɗauke hannunsa daga kan tayar. Da ya yi magana, muryarsa ta yi ƙasa. "Ɗaura mai sauƙin, ɗana. Tafiya ɗaya ce. Daga mun dawo, Dorina rumfa za ta shiga a lulluɓe ta."

"Ɗaura masu daɗewar," in ji Inna.

"Tsohuwa, wa zai taka su?"

"Ni."

Baba ya juyo gaba ɗaya ya dube ta. "Ke? Ke da ko keke ba ki taɓa hawa ba?"

"Keke ba shi da kujera mai kyau. Malam, tun ina amarya nake zaune a gefenka ina kallon hannunka da ƙafarka, na san kukan da take yi in tana son a canza mata giya tun kafin kai ka ji. Idona ras yake. Kai kana da hanya a ka, ni ina da ido, me ya rage? In ka ga an lulluɓe motar nan, to ni aka fara lulluɓewa."

"Ai sai kin yi lasin."

"Sai in yi. Waɗanda suke yi kai biyu gare su?"

Mai taya bai jira an gama shari'ar ba, tuni ya sa jak ya ɗaga Dorina. Baba ya tsaya yana kallon tsofaffin suna fita, sababbin suna shiga, ana daidaita kowace a inji, ana ba ta iska. Shi kansa bai san ko tsoro yake ji ko murna ba. Da aka sauke motar, sai ga ta ta tsaya ƙyam, har kamar ta ƙara tsawo. Mai taya ya karɓi wayar Baba ya gaya wa Auta da bakinsa cewa lafiya lau, suna jin ihunta daga inda suke tsaye.

A bayan shagon akwai fili fetal inda manyan motoci suke juyawa. Baba ya kai Dorina can don ya ji tayoyin, ya zaga sau ɗaya, ya taka birki ta tsaya cak. Kafin ya gama yabo, sai ya ga Inna ta fita, ta zagayo ta tsaya a ƙofarsa, ta ɗaure mayafinta a ƙugu.

"Sauko."

"Yanzu?"

"Da sai ranarsa ta zo?"

Tunda ya sayi motar nan ba wanda ya taɓa zama a kujerar, ko ɗansa na fari. Ya daɗe riƙe da sitiyarin. Sannan ya sauko, ya zaga ya shiga ɗaya gefen, ya rasa inda zai ajiye hannuwansa. Inna ta jawo kujerar gaba, ta yi bisimilla, ta murza makulli. Dorina ta yi tsalle ta mutu. Ta sake, ta sake mutuwa. Mai taya yana daga bakin fili yana ɗaga hannu yana cewa a hankali. A karo na gaba motar ta yi gyatsa, ta girgiza, ta fara gangarawa, sababbin tayoyin suna taka tsakuwa ƙaras-ƙaras.

"Tana tafiya! Malam, tana tafiya!" Inna ta ƙanƙame sitiyari, ido a gaba, tana dariya kamar yarinya. "Jibi kai za ka kai ni. Baɗi ni zan kai ka, ka zauna nan ka yi ta ba ni labarin kifinka."

Baba ya juya ya dube ta. Ya cire tabarau ya goge ido da hannun riga, ya mayar.

"Saki kulocin duka, Tsohuwa," ya ce. "Ƙara mata wuta kaɗan."