Ranar da Baba Sulo Ya Rufe Ƙofa

Ta kwantar da ɗanta na biyun ke nan, tana zare hannunta daga ƙarƙashin kansa a hankali kamar mai satar ƙwai, sai babur ɗin ya tashi. Ƙarar ta shigo ta taga ta cika ɗakin. Na farkon ya zabura ya tsala ihu, ɗan'uwansa ya karɓa. Maman 'Yan Biyu ta tsaya a tsakar ɗaki, idanunta jawur. Yaran sun kwana da zazzaɓi, mijinta direba ne yana kan hanya, ita kaɗai ta yi ta jijjiga har gari ya waye. Ta figi mayafi ta fita.

Katanga ce gajeriya tsakanin ɗakunan da suke haya da sashen masu gidan, kuma ƙofar siton da dattijon mai gidan yake ajiye babur ɗinsa tana kallon tagarta. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne. Tun da ya yi ritaya ba shi da wani aiki sai kafiretar babur ɗin nan, babur ɗin da lafiyarsa ƙalau, kuma da wuya ya hau shi ya wuce bakin titi. Kullum sai ya kwance ta, ya wanke da fetur a cikin tsohon gwangwani, ya hura ƙananan ƙofofinta da baki, ya mayar. Sai ya tashi injin ya bar shi ya yi zafi, don a cewarsa mai saita inji da sanyi ƙarya yake yi wa kansa. Daga nan ya tsugunna da sukundireba, ya karkata kai, ya murɗa kaɗan, ya saurara, ya dawo da shi kaɗan. In ka tambaye shi me ya rage, amsar ɗaya ce: sulo, wato gurnanin inji in babur yana tsaye, bai zauna ba. Da haka unguwa ta raɗa masa Baba Sulo, shi kuma ya amsa da dariya.

"Baba, kai ba ka da tausayi ne?" Ba ta ko gaishe shi ba. "Yara ba lafiya, ban runtsa ba. In ba za ka iya bari ba, ka shiga da shi ciki ka rufe ƙofa, ka sha ƙararka kai kaɗai."

Ya kashe injin nan take. Ya miƙe yana goge hannu a jikin wandonsa, kunya ta kama shi kamar yaron da aka tsare a gaban tukunya. Ya rantse bai san jikokinsa, kamar yadda yake kiran yaran, ba su da lafiya ba, ya yi musu addu'a, ya ce ba za ta ƙara ji ba. Har ta juya ya kira ta, ya ce ko tana da wani tsumma ta taimaka masa ya toshe ƙasan ƙofa, don ƙarar ta nan za ta riƙa fitowa. A lokacin fushin ya fara sauka, kunyar ta dawo kanta. Ta ɗauko wani tsohon zane mai ruwan ɗorawa da take shimfiɗa wa yara ta miƙa masa ta saman katanga. Babu wanda ya gani. Inna, matarsa, ta tafi kasuwa.

Ya cika alkawari kuwa. Daga ranar abin da take ji bai wuce wani gurnani can ƙasa-ƙasa ba, wanda ma yake sa yaran barci. Ƴar tagar siton ya cusa mata tsohon matashi. Sau ɗaya Inna ta ce mata Baba yana fama da ciwon kai kwanan nan, in ya fito daga sito har jiri yake gani. Suka haɗu suka ɗora wa tsufa laifi, Maman 'Yan Biyu har ta ba da ƙwayar magani.

Ranar da abin ya faru, gurnanin ya daɗe fiye da kullum. Yaran suka yi barcin da ba su taɓa yi ba, ita ma ta miƙe a gefensu ta bi su, tana jin daɗin ranta. Ba ta san lokacin da mai ya ƙare injin ya mutu don kansa ba. Muryar Inna ce ta tashe ta, tana bubbuga ƙofar sito tana cewa abinci zai huce. Daga baya muryar ta canza. Kafintan da ke bakin layi da wasu maza suka zo suka ɓalle sakatar, hayaƙi ya kore su baya suna tari. Suka same shi zaune ya jingina da bango, sukundireba a cinyarsa, rai ya yi halinsa. Zanen mai ruwan ɗorawa yana nan a dunƙule inda ƙofa ta tura shi gefe, wani ya taka shi ya wuce.

An yi abin da ake yi, an kai shi makwancinsa. Amma bakin mutane bai tsaya ba. Sakata ta ciki, tsumma a ƙasan ƙofa, matashi a taga, ga mutumin da shekara da shekaru yake aikinsa a buɗe. Wata ta ce ruwa ba ya tsami banza. Wata ta ce ai ta lura ya rage fara'a. Ba wanda ya furta kalmar, amma kowa ya san ana nufin shi ya kashe kansa, har wasu masu zuwa gaisuwa suka riƙa taƙaita addu'a suna sunkuyar da kai. Ɗansa malamin makaranta ya daina haɗa ido da kowa. Inna kuwa ko ɗigon hawaye ba ta yi ba. Tana zaune a kan tabarma, ta ƙura wa bango ido, lokaci zuwa lokaci ta ce me ta yi masa da zai tafi haka bai gaya mata ba.

Tambayar nan ce ta hana Maman 'Yan Biyu cin abinci. Da mijinta ya dawo ta zayyana masa komai. Ya daɗe yana sosa ƙeya, sannan ya ce kwanan mutum ne ya ƙare, ba ita ta kashe shi ba, kuma baki shi ke yanka wuya. Gidan mutane suke zaune, in ɗan ya ji wa ya san abin da zai yi? Da yara biyu ina za su nufa? Ta ga gaskiyarsa, kuma ta ji tsoro ƙwarai. Ta ɓoye maganar kwana da kwanaki, tana shiga tana ɗebo wa baƙi ruwa, tana jin ana yi wa tsohon da bai taɓa ɗaga mata murya ba irin wannan shaidar.

Wata rana da hantsi ta shiga ta tarar ɗakin Inna cike da mata, Inna ta rame har wuyanta ya fito. Ta ajiye tiren kofuna ta durƙusa a gabanta. Ta ce:

"Inna, ni na ce ya rufe ƙofar. Yara ne ba lafiya, na yi masa faɗa. Zanen ma nawa ne, ni na ba shi."

Inna ta juyo a hankali. Ta kama wuyan hannunta, riƙon da ba wanda zai zaci tsohuwa tana da ƙarfinsa.

"Don yaran ya rufe?"

"Don su, Inna. Don kar ƙara ta tashe su."

"Ɗaga murya. Sake faɗa su ji."

Ta sake faɗa, tun daga rashin gaisuwar har miƙa zanen. Mai zancen tsamin ruwa ta shiga gyara bakin mayafinta. Ɗan, wanda yake tsaye a bakin ƙofa, ya dube ta ya daɗe, sannan ya juya ya fita, kuma ba ta iya karanta komai a fuskarsa ba.

Sai a lokacin Inna ta fashe da kuka, kukan da ta riƙe tun ranar, tana kiran mijinta da sunan da ita kaɗai take kiransa. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma ce ta tashi ta ba ta wuri ba. Can bayan katanga ɗaya daga cikin yaran ya farka ya fara rigima. Maman 'Yan Biyu ta ɗan yunƙura za ta miƙe, amma yatsun tsohuwar suna nan a wuyan hannunta, sun nutse cikin fata. Ta koma ta zauna a kan dugaduganta.