Hanyar da Ke Cikin Zanen Haula

"Riƙe mini allon da kyau, Yaya, hannuna na rawa," in ji Haula.

Balkisa ta riƙe, ba don ranta ya so ba. Ɗakin na warin magani da jiƙaƙƙen ƙaro. Wata guda ke nan da likita ya sallamo Haula, ya ce a je gida a yi ta addu'a.

Shekara ashirin suna maƙwabtaka a Tawa, cikin ƙasar Adar. Balkisa ce ta koya mata zanen ƙwarya tun Haula na amarya, amma Haula ba ta tsaya nan ba. Ta shiga tsince-tsince: jar ƙasa daga Barmu, gawayi, ɓawon albasa, fasassun tangaran daga bola. Ta daka, ta kwaɓa da ƙaro, ta shafa a tsofaffin katakai. Balkisa ta yi mata dariya har ta gaji. Sai ga motoci daga Yamai suna tsayawa, ana tambayar Balkisa, "Ina gidan mai zane?" alhali ga ƙorenta jere a gabanta.

Zanen ƙarshe tudun Adar ne bayan ruwan sama, saura hanyar da za ta ratsa shi. Sau biyu tsinken zanen na suɓucewa daga yatsun Haula.

"Ja mini hanyar ga, Yaya."

"Ni mai ƙwarya? Mi na sani ga aikin manya?"

"Ke dai ja. Hannunki ya hi nawa tsayuwa tun can."

Balkisa ta tsoma tsinken a farar ƙasa, ta ja layi ɗaya daga gindin tudun har ƙoli, ba ta ɗaga hannu ba. Haula ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Hakanan."

Kwana biyu bayan haka Haula ta cika, da hantsi.

Ranar sadakar uku mijinta Sidi ya jingina allon a tsakar gida. Wata baƙuwa daga Yamai ta nuna hanyar da yatsa.

"Ku dubi layin nan! Duk Adar ba mai iya jan shi sai marigayiya."

Tsohon zafin kishin nan ya taso wa Balkisa a ƙirji. Wato har a kabari Haula ce za ta kwashe yabon? Ta buɗe baki. Sai ta ga Sidi ya ƙura wa farin layin ido, yana share hawaye da bakin rawaninsa.

"Allah shi jiƙan ta," kawai ta ce.

Da ta koma gida ta sa ƙarfen zanen ƙwarya a wuta. Ya yi ja, garwashin ya mutu, ƙarfen ya huce, tana nan zaune da ƙwarya a cinya.