Ƙahon Nalana

Tun ranar da Otlaadisa ya sauke kejin matse shanu daga bayan a-kori-kura, yayarsa Kedibonye ta tsani abin, kuma ba ta ɓoye ba. Ƙarfe ne mai shuɗin fenti, sai sheƙi yake yi, kyan ɗan maciji. Ya gan shi ne a baje kolin manoma a Francistown, inda masu manyan gonaki ke tura shanunsu marasa ƙaho ciki, a kama wuya, a matse haƙarƙari, a yi allura, su fice salin-alin. Bai tambayi faɗin ƙofar wuyan ba, bai duba ko gefen kejin yana buɗewa idan dabba ta faɗi a ciki ba. Mutumin da ke zuwa ruga ran Asabar ya koma birni ran Lahadi, ina zai tuna cewa a garken ubansa akwai ƙahonin da suka fi hannuwansa biyu a miƙe?

Abin da ya fi ƙona mata rai, kafin ya kafa kejin sai da ya sa aka tumɓuke tsohon lungun matse shanu na itacen mopane da mahaifinsu ya kafa, aka faskare shi don girki. Ita da ke kwana da shanun nan ta tashi da su tun rasuwar mijinta, ko shawara bai nema a wurinta ba.

Ta zagaya kejin, ta tsaya a bakin ƙarafa biyun da ke rufe wuyan dabba. "Wa zai wuce ta nan? Akuya?"

"Yaya, ke fa duk abin da yake sabo abokin gabarki ne."

"Tambayarka na yi. Nalana ta ina za ta bi?"

Nalana saniyarta ce, ja mai dabbare-dabbaren fari, jikar saniyar da mahaifiyarsu ta ba ta da hannunta. Ƙahoninta sun buɗe sun lanƙwasa sama, har masu wucewa zuwa Letlhakane kan tsayar da mota don su kalle ta. A duk abin da Kedibonye ta mallaka, babu wanda take ɗaga kai saboda shi kamar ƙahonin nan.

Otlaadisa ya yi dariya. "Akwai zarto a mota. In ƙaho ne matsalar, ai aikin ɗan lokaci ne."

"Ranar da za ka kai zarto kan saniyar nan, ka fara da wuyana, ɗan birni."

Daga nan magana ta mutu tsakaninsu. In ya zo, ta ajiye masa kwanon tuwon bogobe da kindirmo a bakin ɗaki kamar mai ba kare, shi kuma ya ci ko godiya babu.

Kula da keji kuwa, yana yi, har ya wuce gona da iri. Mai sayarwa ya ce masa a riƙa shafa giris, shi ke nan ya riƙe. Duk zuwan da zai yi sai ya lafta shi a haƙoran mariƙin da ke buɗe ƙofar wuya, sabo kan tsoho, bai taɓa wanke na jiya ba. A ƙasar da iska ba ta da aikin yi sai kwasar yashi. Kafin wata ya zagayo giris ɗin ya koma wani baƙin tuwo mai garas-garas. Wata safiya Kedibonye ta kama mariƙin ta ja, ta ji ya sandare, sai da ta sa ƙarfi biyu ya motsa. Kananzir da tsumma kawai yake bukata, kuma tana da su a ɗaki. Ta goge hannunta a zane ta wuce. So take ranar allura ya tsaya gaban mutane yana kokawa da ƙarfensa, a yi masa dariya, ko zuciyarta ta yi sanyi.

Ranar ta zo. Malamin dabbobi ya iso da akwatin allurar riga-kafi, maƙwabta kuma suka koro nasu shanun, rabi don allura, rabi don ganin ƙwaf. Otlaadisa ya sha sabuwar malafa, ya tsaya a mariƙi kamar shi ya ƙera shi. Da farko abin ya tafi daidai. Da rana ta ɗaga sai mariƙin ya fara gardama, yana rataya a jikinsa yana nishi kafin ƙofar ta saki saniya. Kedibonye na jingine da shinge tana kallo, daɗi har cikin ƙashinta.

Aka gama da kowa, saura Nalana, wadda Kedibonye ta ware a inuwa.

"Wannan da igiya za a kayar da ita," in ji ta.

Malamin ya goge gumi. "Mma, ni dai a tsaye ko a kwance, allura ce tawa. Amma sai an yi mata, in ba haka ba garken duka kamar ba a yi ba ne. Ku daidaita."

Wani tsohon maƙwabci, Rra Gaseitsiwe, wanda bakinsa bai taɓa zama lafiya ba, ya tofar da ganyen taba. "Otlaadisa, ashe kejin naka yana zaɓen shanu? Namu na itace kowa yake karɓa, har surukai."

Aka kwashe da dariya. Kedibonye ta juya ta nufi ɗaki ɗauko igiya, tana murmushi. Ba ta kai ga zare ta daga ƙusa ba ta ji tsawa da bugun sanda, sai wani kuka wanda ba ta taɓa jin Nalana ta yi irinsa ba.

Da gudu ta dawo. Borin kunya ya sa Otlaadisa ya kora saniyar ciki. Da a hankali aka bi ta, da wataƙila ta karkata kai ta gwada, yadda ta saba a lungun itace. Amma da duka aka tura ta, ta faɗa da ƙarfi, ƙahon dama ya wuce ƙofar, na hagu ya shige tsakanin sandunan gefe ya maƙale. Otlaadisa kuma ya ja mariƙi ya rufe. Nalana ta fisga, ƙafafunta suka zame, ta durƙushe, wuyanta a murɗe ya sauka inda ƙarafan suka fi tsukewa.

"Buɗe," in ji Kedibonye. "Buɗe mata, la'ananne."

Ya rataya a mariƙin, bai motsa ba. Malamin ya kama, Rra Gaseitsiwe ya kama, su uku suna ja, ƙarfen ya ce bai san zancen ba. Wani ya zagaya neman sakatar gefe, babu ita, gefen a like yake. Harshen Nalana ya zazzago, idanunta suka firfito, numfashinta ya koma gurnani.

"Mma, ƙahon ne ya riƙe kan a murɗe," in ji malamin. "In bai fita ba, ba za ta iya tashi ba. Yanzu za ta tafi."

Kedibonye ta dubi ƙanenta. Malafarsa ta faɗi ƙasa.

"Ina zarton?"

Ya ɗauko ya nufi keji. Ta fisge shi daga hannunsa. "Kada ka taɓa ta."

Ta zura hannu tsakanin sanduna ta ɗora zarton a gindin ƙahon. Wajen ƙaho busasshe ne, amma cikinsa da rai. Da haƙoran zarton suka kai can, jini ya yi tsartuwa ya wanke mata fuska da gaban riga, saniyar ta yi karkarwa tun daga kai har wutsiya. Kedibonye tana yanka tana kuka, tana kiran sunanta, ba ta tsaya ba sai da ƙahon ya rabu ya faɗi cikin yashi. Kan ya miƙe, Nalana ta ja wata doguwar iska, ta yunƙura ta tashi. Malamin ya ɗauko ƙarfen lalas daga wuta ya ɗora a wurin, warin ƙonannen ƙaho ya cika rugar, sannan ya soka allurarsa. Mariƙin kuwa sai da aka zuba masa kananzir aka bi shi da guduma ya saki.

Maƙwabta suka tattara shanunsu sumui-sumui, ko sallama ba a yi sosai ba.

Otlaadisa ya tsaya yana kallon baƙin tuwon da kananzir ya narkar yana ɗiga. "Da kin bari na yanke tun farko cikin natsuwa, da duk wannan bai faru ba."

"Da ka auna kafin ka saya."

"Ke da ke nan kullum, ba ki ga ya sandare ba?"

Ta so ta yi ƙarya, bakinta ya ƙi. "Na gani."

Ya dube ta ya daɗe. Kowannensu ya san rabonsa a cikin jinin da ke bushewa a rigarta, kuma wannan sanin bai rage ƙiyayyar da komai ba, ƙara ta ya yi. Ya shiga mota ya tafi, bai jira Lahadi ba.

Da yamma aka tayar da injin rijiya, shanu suka nufi kwamin shan ruwa. Nalana ta taho gaba yadda ta saba, kanta a karkace saboda nauyin ƙaho ɗaya. Wata ƙaramar karsana da jiya ko inuwarta ba ta isa ta taka ba, ta shinshina gefen da babu ƙahon, ta sunkuya ta zungure ta a haƙarƙari. Nalana ta juya don ta rama, ta kai suka da ɓangaren da babu komai, ta sami iska. Ta ja da baya. Wata ta sake zungurarta, ta ƙara ja, har ta koma bayan maruƙa ta tsaya tana kallon ruwan.

Kedibonye ta cika bokiti ta kai mata har inda take. Saniyar ta ji warin jinin da ke jikinta, ta kau da kai ta matsa gefe.