Fitila Mai Shuɗin Murfi

"Masu shuɗin murfi," in ji Malam Dalhatu. "Sagiru, kana ji na? Masu shuɗin murfin nan."

Sagiru ya dakata da fifitar da yake yi masa. Tun da aka dawo da maƙwabcin nasa daga asibiti, ƙirji da hannuwa a naɗe da bandeji, bai furta abin da ya wuce salati ba. Likita ya ce a koma gida a ci gaba da addu'a, kuma duk wanda ya taɓa jinya ya san fassarar wannan magana.

"Ina jin ka, Injiniya."

Injiniyancin unguwa ce ta ba shi, ba makaranta ba. Gyaran rediyo ya gada, daga baya ya koma ƙirƙira. Yakan sayo matattun baturan kwamfuta a Kano, ya fasa, ya tsinci masu sauran rai, ya haɗa da dalma, ya zuba a robar man shafawa, sai ga fitila mai caji. Fitila ce ta kirki, amma ba wanda ya taya. Mutumin Rano zai ɗauki 'yarsa ya ba maƙwabcinsa, amma ba zai yarda maƙwabcin ya iya haɗa fitila ba. Da Dalhatu ya gane haka, sai ya fesa wa robobin fenti, ya sa aka buga masa kwali mai sheƙi, da hoton dogayen benaye da rubutun da shi kansa bai iya karantawa ba. Duk ranar kasuwar Kibiya, Sagiru ke loda su a adaidaita sahunsa ya kai rumfar Idi. Tun daga nan sunanta ya koma 'yar Dubai, kuma ba ta kwantai.

"Akwai wani ɗan abu da nake sawa a ciki, bai fi ƙwayar wake ba," Dalhatu ya ce, yana jan numfashi da kyar. "Shi ke gaya wa batir ya ƙoshi. Ya ƙare mini, ga Idi ya dame ni da waya. Sai na haɗa kai tsaye. Na sa musu shuɗin murfi don in gane su."

"To, sai me?"

"Ba ta sanin ta ƙoshi. Sha take yi har ta fashe. Irinta na jona a janareta na tafi masallaci. Ina dawowa na sunkuya a kanta."

Sagiru ya dubi bandejin, ya kau da kai. "Amma ai mutane na ta amfani da su, ba a ji komai ba."

"Don babu wuta ne. Mai caji ba ya barin kayan kowa ya daɗe, zarewa yake ya sa na wani. Amma ranar da aka kawo wuta…" Tari ya sarƙe shi. Matarsa Ramlatu ta ɗaga labule ta shigo da ruwa, maganar ta tsaya nan.

Ba sai an ƙarasa masa ba. Tun farkon damina iska ta kayar da turakun layin da ke ba Rano da Kibiya wuta, kuma kowa ya san yadda ake yi: a bar komai a jone, makunni a kunne, don in wuta ta zo mutum na gona, ta tarar da aikinta na jira. Gari guda na roƙon Allah a kawo wuta. Daga wannan rana, mutum ɗaya ya koma roƙon kada a kawo.

Domin ranar sunan ɗan yayarsa Fulera, da ke aure a Kibiya, Sagiru ya kai mata fitila a kwalinta. A gaban mata ya rantse cewa wani abokinsa ne ya taho masa da ita daga Dubai. Murfinta shuɗi ne.

Ranar Juma'a aka yi sanarwa a masallatan garuruwan biyu: duk wanda ya sayi fitilar Malam Dalhatu ya dawo da ita, akwai haɗari. Jama'a suka girgiza kai, suka ce Allah ya kyauta, wa zai sayi fitilar Dalhatu yana cikin hankalinsa? Kowa ya koma gida ya dubi tasa 'yar Dubai da ƙarin ƙauna. Sai da Sagiru da Idi suka bi gida-gida suna cewa shuɗin murfi, sannan aka fara sakin wasu, ana harararsu kamar ɓarayi.

Gidan Fulera ya bari a ƙarshe, don ya san halinta. Ya tarar da ita a bakin gado tana shan kunun kanwa, jaririn na barci, uwar mijinta Inna Tani na tsintar wake a ƙofar ɗaki. Fitilar na kan wata 'yar kujera, daidai kan yaron, wayar cajinta a maƙale a soket.

"Yaya, fitilar nan zan karɓa. Ba ta da lafiya."

"Yau kuma? Kai da ka ce ko Kano babu irinta?"

"Ƙarya na yi. Ta Malam Dalhatu ce."

Fulera ta yi dariya har ta riƙe ciki. "Inna, kin ji ɗan nema. Dalhatu mai rediyo ne zai yi wannan? Ga kwalinta nan." Ta nuna shi a kan kabad, an cika shi da safar jariri. "Ka dai ce budurwarka Bushra ta gani a hoto ta ce tana so. Tun ba a ɗaura ba ka fara kwashe kayan 'yan'uwanka?"

"Wallahi, Yaya…"

"Wancan karon ma wallahin ka ce. Wanne zan ɗauka?"

Inna Tani ba ta ɗago kai daga wakenta ba. "Yaro, ba a kyauta a dawo a karɓa. Ƙurji ke fito wa mutum."

A gaban surukar yayarsa ba zai yi kokawa da mai jego ba. Ya miƙa hannu ya zare wayar daga soket, ya ce ko don Allah a bar ta haka. Bai kai zaure ba ya ji ƙarar mayar da ita. Ya ce a ransa zai dawo in mijinta ya sauka daga fatauci, su yi ta maza. Kullum in zai wuce, sai ya ɗaga kai ya duba turakun nan. Wata safiya ya ga ma'aikatan wuta a kansu, waɗanda aka yi wata da watanni ana nema, sun tashi da himmar da ba wanda ya san su da ita. 

Dalhatu ya cika da hantsi, ranar Talata. Abin da ya faɗa na ƙarshe kafin kalmar shahada tambaya ce: "An karɓo duka?" Sagiru ya ce an karɓo. Ba a ƙara wa mai tafiya kaya.

Bayan azahar aka sallace shi. An ɗauki makara, Sagiru na riƙe da gaban dama, an kai daidai shagon mai aski, sai fankar shagon ta juya a hankali, kamar wadda aka tasa daga barci. Wata rediyo ta kama wa'azi daga tsakiya. Daga lungu yara suka ɗauka: "An kawo wuta! An kawo wuta!" Har cikin masu rakiya an sami waɗanda fuskarsu ta saki kafin su tuna inda za su.

Sagiru ya waiwaya. "Karɓi nan," ya ce wa na bayansa, ya zame kafaɗa, ya ruga. Ya ji wani dattijo na cewa, "Ka ga ɗan zamani. Maƙwabcinsa guda!"

Yana tuƙi yana kiran Fulera, waya a kashe. Mana, ita ma tana can a jone tana jira. Hanyar Kibiya da ya sani kamar tafin hannunsa ta ƙi ƙarewa. Garken shanu ya tare titi, makiyayin na tafe kamar titin gadon gidansu ne. Duk hayaƙin da Sagiru ya hango daga nesa, sai ya ɗauka gidan Fulera ne, sai ya matso ya ga shara ce ake ƙonawa. A shigar gari ya ga ƙwan lantarki na ci a ƙofar wani kanti, alhali da sauran rana. Nan ma an kawo.

Bai yi sallama ba. Tsakar gida ba kowa, daga bayan gida ana jin ƙarar ruwa da muryar Inna Tani, ana wankan jego na yamma. Ɗakin na warin roba. Yaron na kwance da hannuwa sama, bakinsa na tsotson iska. Fitilar ta kumbura kamar gurasa, fentin jikinta na tsattsagewa, tana wani siririn tsaki.

Ya fizge ta. Zafin ya kama tafinsa, bai saki ba sai da ya kai tsakar gida, ya jefa ta kan tulin yashin gini, ya kifa mata kwanon wanki. Ƙara ɗaya ta yi. Kwanon ya yi tsalle ya dawo, baƙin hayaƙi ya biyo ta gefensa. A ɗaki yaron ya tsala kuka.

Fulera ta fito da ɗaurin ƙirji, jikinta na tururi. Ta dubi hayaƙin, ta dubi hannun ƙanenta, ta shige ɗaki a guje. Inna Tani ta tsaya da ganyen wanka a hannu, salati kawai take yi.

Da hayaƙin ya lafa, Sagiru ya sa sanda ya ɗaga kwanon. Robar ta narke, fentin ya tafi, ana iya karanta rabin sunan man shafawar. Murfin ya faɗi can gefe, cikinsa na kallon sama. A ciki, inda mai saye ba zai taɓa dubawa ba, an bi da bakin ƙarfen dalma an ƙona rubutu ƙanana: Dalhatu Rano.

Sagiru ya tsuguna yana hura tafinsa. Ya san a can maƙabarta an gama rufewa, an watse. Ta tagar ɗaki yana hango kwalin a kan kabad, dogayen benayen na sheƙi a ƙarƙashin ƙwan lantarki.